Tankin Mota da Tukunyar Tuwo: Wa Ke Cin Ribar Man Tsirrai?

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san bini da zugu. Shi ne ɗan icen nan da ake dasawa a shingen gona ko a bayan danga, wanda akuya ke wucewa ba ta ko sunsuna shi. In ka karya reshensa wani ruwa mai danƙo ya tsattsafo, in ya taɓa riga tabon ya zauna ke nan. Muna yara an sha ja mana kunne a kan 'ya'yansa, domin a baki kamar gyaɗa suke, a ciki kuwa guba ce. Wasu ma "ci ni da zugu" suke ce masa, wato in za ka ci to ka tanadi likkafani. Aikinsa tsaron gona ne daga dabbobi, kuma ban taɓa ganin manomin da ya share fili sukutum ya cika shi da shi ba.

Sai ga shi tsakanin 2005 da 2009 wannan icen na bakin shinge ya zama abin rububi a wajen masu jari na Turai. Aka ce a cikin 'ya'yansa akwai man da zai maye gurbin dizal, aka ce yana fitowa a ƙasar da ta mutu, ba ruwansa da taki, ba ruwansa da ban-ruwa, ba kuma zai ci gurbin abinci ba. Kamfanin mai na BP ya haɗa jari da wani kamfanin Ingila mai suna D1 Oils a 2007 don nomansa. Indiya ta sa shi cikin shirinta na ƙasa, gwamnatin sojan Bama ta tilasta wa jama'a dasa shi, a Afirka kuwa aka shiga yankan filaye tun daga Ghana har Mozambik. BP ya janye a 2009, kuma kafin a ankara yawancin gonakin sun zama kufai.

Wannan reshe ɗaya ne na wata doguwar magana, maganar man da ake tatsa daga amfanin gona. Abin da na gani cikin tarihinta shi ne, man nan yana iya ƙara wa ƙasa arziki ya kuma ƙara wa talakan ƙasar tsiya a shekara guda. Abin da ke raba gardama shi ne a hannun wa gonar take, wa ya ɗauki kasada, wa kuma ke zuwa kasuwa da kwano awo.

Man iri biyu ne. Akwai etanol, barasa ce tsantsa da ake samu in an tsima ruwan rake ko masara ko rogo an tace, sai a gauraya ta da fetur. Akwai kuma dizal ɗin tsirrai, wanda ake yi da manja ko man waken suya ko zurma ko bini da zugu. Birazil ce ta fara abin da gaske. Bayan tashin farashin mai na 1973 ya karya mata baya, ta kafa shirin Proálcool a 1975 don mayar da rake man mota, a 2003 kuma aka fito da motocin da ke shan fetur ko etanol, duk wanda direba ya ga ya fi araha. Amurka ta yi doka a 2005, ta ƙara mata ƙarfi a 2007, wadda ta wajabta wa kamfanonin mai zuba etanol a fetur, da burin kai galan biliyan 36 a 2022. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2009, ta ce kafin 2020 kashi 10 cikin 100 na makamashin sufuri ya fito daga abin da ake sabuntawa. Turai ba ta da isasshiyar gonar da za ta cika wannan alkawari, don haka ido ya koma kan ƙasashe masu rana da fili da arhar ƙwadago.

Alkawarin da aka yi wa ƙasashe matalauta ba na banza ba ne, dole a faɗi gaskiya. Ƙasar da ba ta da rijiyar mai tana ƙarar da kuɗin wajenta a kan fetur, in ta iya noma ko kashi 10 cikin 100 na abin da motocinta ke sha, ta rage asara. Manomin da kullum kukansa rashin mai saye ne zai samu sabuwar kasuwa. Masana'anta za ta zo ƙauye da hanya da lantarki da albashi. A takarda duk wannan daidai ne.

Inda abin ya fara ciwo shi ne kasuwar hatsi. Bankin Duniya, a rahotonsa na raya ƙasa na 2008, ya yi wani lissafi mai sauƙi: kilo 240 na masara ake bukata a samu lita 100 na etanol, wato cikin tankin babbar mota ɗaya, kuma wannan masarar za ta iya ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Buhu biyu da kusan rabi ke nan, a sha ɗaya. Amurka ita ce kan gaba a duniya wajen noman masara, kuma an kai lokacin da wajen kashi 40 cikin 100 na masararta masana'antun etanol ke ɗauka. Gaskiya ne ba duka ke ƙonewa ba, domin kusan sulusin nauyin yana dawowa a matsayin dusa ana ba dabbobi, masu kare etanol suna da hujja a nan. Amma ko an cire dusar, abin da ya rage ya isa ya girgiza kasuwar duniya.

Meziko ce ta fara jin jiki. Abincin talakanta wainar masara ce da suke kira tortiya, kuma kasuwar masararta a ɗaure take da ta Amurka. A watan Janairun 2007 dubban mutane suka cika titunan babban birnin ƙasar suna kukan tsadarta. Daga nan abin ya bazu. Manomin Amurka da ya ga masara na kuɗi sai ya rage waken suya ya ƙara masara, wake ya yi tsada, man girki ya bi shi. Mai kiwon da masara ta gagara ya koma kan alkama, alkama ta tashi, burodi ya tashi a Alƙahira da Legas. Wanda burodi ya fi ƙarfinsa ya koma kan gero da dawa, su ma suka ɗaga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2008 an yi tarzomar tsadar rayuwa a Burkina Faso da Kamaru da Senegal da Masar, a Haiti kuwa har majalisa ta tsige firaminista Jacques-Édouard Alexis a watan Afrilu. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa tsadar na iya jefa mutum wajen miliyan 100 cikin talauci.

Nawa ne laifin man tsirrai a ciki? A nan masana suka yi hannun riga. Gwamnatin Amurka ta ce bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Wani masanin Bankin Duniya, Donald Mitchell, ya kai shi kashi 70 zuwa 75 in an haɗa da abubuwan da suka biyo bayansa. Cibiyar IFPRI mai binciken manufofin abinci ta tsaya wajen kashi 30 na tashin farashin hatsi. Jean Ziegler, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin samun abinci, ya kira mayar da gonakin abinci na mai laifi a kan bil'adama, ya nemi a dakatar har shekara 5. Ni ban yarda a ɗora wa etanol kayan duka ba. A wannan lokacin an yi fari a Ostireliya, gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008, taki ya yi tashin gwauron zabo, Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa. Shinkafa ma, wadda a lokacin kusan ba mai ƙona ta a mota, farashinta ya ninka kusan sau uku. Amma wanda ya ce hannun etanol bai kai a kula ba, bai yi wa mutane adalci ba.

Akwai wata tambaya da na sha ji daga masu kare harkar, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Suna cewa: yawancin matalautan duniya manoma ne, to in hatsi ya yi tsada ai su suka ci riba. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san amsar. Ɗauki magidanci mai 'yar gona da iyali takwas. Da kaka yana da hatsi, amma yana da bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya, ga wanda ya ba shi rance da sharaɗin biya da amfani. Sai ya kai buhunansa kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, farashi na ƙasa. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya yi kwalam. Yanzu shi ne zai bar tasa gonar da ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar wani, da yamma ya karɓi ɗan abin da aka ba shi ya tsaya gaban mai awo a auna masa rabin tiya. Da kaka mai sayarwa ne, da damina mai saye, kuma in aka haɗa lissafin shekara abin da ya saya ya fi abin da ya sayar. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama na Afirka ya nuna irin wannan magidanci shi ne mafi yawa a cikin matalautan karkara. Wanda tsadar ke yi wa rana shi ne mai rarar hatsi da sito da jarin da zai jira. Talakan birni kuwa, wanda rabin abin da yake samu ko fiye a ciki yake ƙarewa, shi ba shi da ko kakar da zai ɗan numfasa.

Wani abin da ya ƙara muni shi ne tilascin doka. In masara ta yi tsada uwargida tana rage sanwa, mai gidan kaji yana rage zubi, amma matatar da doka ta ce sai ta zuba etanol ba ta rage komai, ko nawa ne za ta saya. Nauyin ragewar duka sai ya faɗo kan mai cin tuwo. An ga haka a 2012 da fari ya ƙone masarar Amurka. Shugaban hukumar abinci ta duniya FAO na lokacin, José Graziano da Silva, ya roƙi a ɗan jingine dokar, wasu gwamnonin Amurka ma suka nemi haka, hukumar muhalli ta ƙasar ta ƙi. Bayan haka, da can tsadar mai ta hanyar taki da kuɗin mota take shiga abinci. Yanzu an buɗe mata wata ƙofa, domin duk lokacin da fetur ya tashi, kuɗin da matatar etanol za ta iya biya a kan buhu shi ma ya tashi.

Maganar fili ta fi ta farashi ɗaci, saboda farashi yana hawa ya sauka, gona kuwa in ta tafi ta tafi. Kalmar da aka yi ta amfani da ita a lokacin ita ce ƙasar da ba kowa, ko ƙasar da ba ta da amfani. Daga jirgin sama haka take. A ƙasa kuwa saura ce da aka bari ta huta, burtali ne, mashaya ce, dajin da mata ke tsintar kaɗanya da ɗorawa ne, inda ake samo itacen girki da saiwar magani da ciyawar jinka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da takarda. A arewacin Ghana, wajen ƙauyen Alipe kusa da Tamale, masu fafutuka sun ba da labarin yadda wani kamfani mai tushe a Norwe ya samu dangwalen yatsan wani basarake a kan takardar fili mai faɗin gaske, aka shiga da katafila aka tuge itatuwa, har da kaɗanya, kafin mutane su tashi tsaye a dakatar. Duk macen da ta taɓa dafa man kaɗe ta kai kasuwa ta san abin da aka tuge: cefanenta ne na tsakiyar damina, lokacin da komai ya ƙare. A Senegal rikicin wani fili da aka ware don noman etanol a Fanaye ya ci rayuka biyu a Oktoban 2011. Sai aka ɗauke aikin aka mayar da shi gandun Ndiaël, aka ba shi hekta 20,000 a inda Fulani makiyaya suke kiwo tun kaka da kakanni.

Shi kansa bini da zugun kallon kitse aka yi wa rogo. Gaskiya ne ba ya mutuwa a busasshiyar ƙasa, amma rayuwa daban, 'ya'ya daban. In ana son ya yi 'ya'yan da za su biya kuɗin aiki, sai an ba shi ƙasa mai kyau da ruwa da taki kamar kowane amfani, don haka kamfanonin da suka zo da sunan raya mataccen fili suka ɓuge da neman mai dausayi. Icen daji ne da ba a inganta irinsa ba, wani ya yi 'ya'ya wani ya ƙi, kuma ba sa nuna tare, sai an yi ta komawa ana tsinka da hannu. Ana cikin haka kasuwannin kuɗi na duniya suka rushe a ƙarshen 2008, gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 40, masu jari suka kama gabansu.

Abin da ya faru a gundumar Kisarawe ta Tanzaniya, kusa da Darussalam, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Kamfanin Sun Biofuels na Ingila ya karɓi fiye da hekta 8,000 daga filayen ƙauyuka 11, haya ta shekara 99. An yi wa mutane alkawarin aiki da rijiyoyi da makarantu da asibiti. Ɗaruruwa sun samu aiki, wasu suka yi sakaci da gonakinsu saboda albashin wata. A 2011 kamfanin ya durƙushe, aka sallami kusan kowa. Mai karatu zai ce to ai sai a mayar musu da filinsu. Ba haka dokar take ba. Kafin a ba baƙo haya sai an cire filin daga rukunin ƙasar ƙauye an mayar da shi rukunin da ke ƙarƙashin gwamnatin ƙasa, kuma mutuwar kamfani ba ta mayar da shi inda ya fito. Aka tashi ba tsuntsu ba tarko. Masu hannun jari sun yi asarar kuɗi, wannan gaskiya ne, amma kuɗin da suka ware don kasada ne. Mutanen ƙauye abin da suka zuba a cacar shi ne abin da suka gada, kuma ba su suka zaɓi shiga ba.

Kada a ce 'yan damfara ne kawai suka faɗi. Aikin Addax Bioenergy a yankin Makeni na Saliyo shi aka riƙa nunawa a matsayin abin koyi: kamfanin Suwizalan, rancen Bankin Raya Afirka da cibiyoyin raya ƙasa na Turai, tuntuɓar jama'a, shirin taimaka wa manoma da noman shinkafa, masana'antar etanol da tashar lantarki. An fara tatsa a 2014, cutar Ebola ta shigo, amfanin raken bai kai yadda aka zata ba, farashin etanol a Turai ya faɗi. A 2015 aka rage aiki ƙwarai, a 2016 aka sayar da mafi yawan kamfanin. Ko da niyya ta yi kyau, an rataya rayuwar ƙauyuka a kan farashin da ake yankewa a wata nahiya.

To ayyukan yi fa? Birazil ta samar da su da yawa, ba musu. Sai dai shekaru da dama aikin shi ne saran rake da adda bayan an cinna wa gona wuta, ana biyan mutum gwargwadon nauyin da ya sara, ana sa ran tan 10 ko fiye a yini. A 2007 jami'an ƙwadago sun kuɓutar da ma'aikata fiye da 1,000 daga wata gonar rake a jihar Pará, inda suka same su cikin halin da dokar ƙasar ke kira mai kama da bauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya jihar Sao Paulo ta hana ƙona rake, injin ya karɓi sara, aikin da ya rage ya fi tsabta ya fi albashi, amma mutum ɗaya a kan injin ya tashi gomman masu adda. Gwamnatin shugaban ƙasar, Lula, ta yi ƙoƙarin gyara a ɓangaren dizal. Shirin da ta kafa a 2004 ya ba da sassaucin haraji ga kamfanin da ke saye daga ƙananan manoma, da fatan matalautan arewa maso gabas za su shiga da noman zurma. Zurmar ba ta kai labari ba, waken suya ya mamaye kasuwar, kuma ƙananan manoman da suka fi amfana su ne na kudu, masu ƙungiyoyi da injuna da ɗan hali tun farko.

Wani bincike da masanin tattalin arziki Channing Arndt da abokan aikinsa suka yi a kan Mozambik ya fito da abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Sun yi hasashen cewa harkar na iya ƙara bunƙasar arzikin ƙasar ta kuma rage yawan matalauta da wajen mutum 6 a kowane 100 na jama'a cikin shekara 12. Amma sun nuna cewa ragin talaucin ya fi yawa in manoma ne ke noma a gonakinsu suna sayar wa masana'anta, a kan a ce kamfani ya mallaki gandu ya ɗauke su leburanci. Dalilin a fili yake. A tsari na farko ladan ƙasa yana shiga aljihun manomi, takin da ya zuba wa amfanin kwangila yana taimakon hatsin da zai biyo baya, in kamfani ya mutu ya tuge ya shuka dawa. A na biyu guminsa kawai yake sayarwa. Noman kwangila ma yana da nasa ƙaya, domin in mai saye ɗaya ne, shi ke da sikeli shi ke da farashi, rake da rogo kuma ba sa jiran ciniki.

Inda abin ya yi albarka ba tare da hayaniya ba, sau da yawa daga abin da ake zubarwa aka fara. Malawi ba ta da teku, kowace lita ta fetur sai ta ratso wata ƙasa a tanka. Tun 1982 take yin etanol a Dwangwa daga baƙin maɗin da ke saura bayan an fitar da sukari, tana gauraya shi da fetur ɗinta. Ba a nemi kasuwar Turai ba, kayan aikin kuma ragowar masana'antar da ke nan ce. A kudancin Mali mata sun daɗe suna tsintar 'ya'yan bini da zugu daga shinge suna yin sabulu, a garin Garalo kuma ƙungiyar Mali Folkecenter ta kafa injin lantarkin da zai iya shan mansa ko dizal, da nufin manoman yankin su riƙa kawo 'ya'yan. Ƙaramin abu ne, ba zai cika jirgin ruwa ba, amma icen yana nan a matsayinsa na shinge, gero na tsakiyar gona.

Manyan ƙasashen Asiya sun bi hanyar amfani da man a gida, sakamakon kuma gauraye ne. Indunisiya ta kai manja kashi 30 cikin 100 na dizal ɗinta a 2020, ta ƙara zuwa 35 a 2023. Ta rage shigo da dizal, kuma ƙananan manoma, waɗanda ke riƙe da wajen kashi 40 cikin 100 na gonakin kwakwar manja, da yawansu sun gina gidaje sun kai 'ya'ya makaranta. Sai dai asusun da ake tarawa daga harajin fitar da manja, mafi yawansa tallafin masu tace dizal yake tafiya, waɗanda manyan kamfanoni ne, ga dazuzzukan da aka cinye da al'ummomin da aka raba da ƙasarsu. A 2022 kuma ƙasar da ta fi kowa manja a duniya ta wayi gari mata na layin man girki, har shugaba Joko Widodo ya hana fitar da manja a ƙarshen Afrilu. Hanin bai cika wata ba aka ɗage shi, amma a ɗan tsakanin farashin da ake sayen kwakwa daga ƙaramin manomi ya faɗi warwas. Indiya ta kai etanol kashi 20 cikin 100 a fetur ɗinta a 2025, masana'antun sukari sun samu abin biyan manoman rake, amma a 2024 ƙasar da ta saba fitar da masara ta koma shigo da ita, masu kiwon kaji suka yi ta kuka.

Mu ma maganar ba ta wuce mu ba. Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, da burin zuba etanol kashi 10 cikin 100 a fetur, kamfanin NNPC ya yi ta rattaba hannu da jihohi, har da Kebbi a 2017, kan masana'antun rake da rogo. Har yau abin bai iso gidan mai ba, kuma babban dalili shi ne tallafin fetur ya sa ba etanol ɗin da zai iya gogayya da shi. Tun da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, lissafin ya canza, kuma ina da yaƙinin masu jari za su dawo da takardunsu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo. Manomin rogo ya san azabar shekarar da kowa ya shuka, a tone a rasa mai saye, kwana biyu uku ya fara baƙi. Masana'antar da za ta ɗauke wannan rarar alheri ce a gare shi. Amma abin da hekta ɗaya ke bayarwa a nan bai kai rabin na Tailan ba, don haka in aka kafa manyan matatu kafin a ɗaga amfanin gona, daga kwanon mai shan garin kwaki za a ɗebo rogon. Masara kam ban ga hujjar kusantarta ba. Duk mai zuwa Dawanau ya san yadda farashi ke motsi in kamfanonin abincin kaji suka shigo da tirelolinsu, balle a ƙara musu abokin takara da doka ta tilasta wa saye.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fadama. Rake ruwa yake so, kuma a Arewa inda ruwa yake nan ne mai noman rani yake da albasa da tumatir da shinkafa, nan ne makiyayi ke saukowa da rani, nan masunci yake jefa koma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, in kuma aka karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da ake lissafawa ta abin da ke kai ce, shuka da gini da itatuwa, ƙasar kanta ba ta shiga. Mai aron gona ba ya cikin jerin masu karɓa, matar da ke tsintar kaɗanya ba ta ciki, Bafulatanin da ke shayar da shanu ba ya ciki. Saboda haka duk hakimi ko dagacin da aka kawo wa irin wannan takarda, ina roƙonsa ya sa a karanta ta a bainar jama'a da Hausa da Fulatanci, mata na wurin. A rage shekarun haya, a fifita saye daga manoma a kan yankan gandu, a bar burtali da mashaya, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ranar da masana'anta ta daina aiki, fili ya koma hannun waɗanda aka karɓa daga gare su. Takardar Kisarawe ta shekara 99 ce, kamfanin kuwa bai cika shekara 4 yana aiki a filin ba.